Tokar Murhunki a Tsakiyar Fili

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma ko kina raye ma sai an karanta miki ita. Amma tun ranar Asabar nake yawo da wani labari a bakina, duk wanda na ba shi sai in ji kamar ban ba kowa ba, tunda ke ba ki ji ba. Masu karantawa a waya su yi haƙuri, da Inna nake magana.

Gida lafiya lau. Damina ta sauka da albarka, geron gonar hanyar Roni ya fito. Matata Rabi kullum tana sa ki a addu'a. Shagon ɗinki yana tafiya, keken nan dai da kika sani ne, har yanzu yana tari amma bai kwanta ba.

Labarin shi ne, Gawo ba ta mutu ba. Ƙungiyar ƙwallonmu nake nufi, ba bishiyar ba, ko da yake ita ma tana nan a bakin fili, ta zubar da ganye kamar yadda ta saba yi da damina. Saura ƙiris ƙungiyar ta mutu ranar Asabar, Inna, kuma da ta mutu da akwai hannun ɗanki a ciki. Bari in faro miki daga farko, don shekara uku ke nan rabonki da mu, abubuwa da yawa sun wuce ki.

Ke ba ki taɓa taka filin ƙwallo ba, amma kin fi rabin masu ihu a bakin fili sanin ƙungiyar nan. Daga tsakar gida kike sanin sakamako. In kika ji unguwa ta ɗauki sowa, sai ki ƙara man shanu a miya. In kika ji tsit bayan la'asar, sai ki gargaɗi ƙannena kada wanda ya yi mini magana sai na ci tuwo.

Kin tuna yadda na fara? Na je gwaji ina saurayi, na yi gudu har na ga jiri, ƙwallo ko sau ɗaya ba ta yarda da ni ba. Marigayi koci ya kira ni gefe ya ce, "Habu, hannunka ya fi ƙafarka hankali. Tela ne kai, je ka ja mana layin fili." Na dawo gida ina kumbura, na ce an wulaƙanta ni. Ranar Juma'a sai na tarar da toka rabin buhu a bayan ƙofar zaure, an tankaɗe ta tas, babu gawayi ko ɗaya.

Daga ranar, shekara ashirin da ɗoriya, ba ki tsallake Juma'a ba. Kika ware tsohuwar rariya don toka kaɗai. Ke kika koya mini cewa tokar kara ba ta layi, baƙa ce kuma iska ke kwashe ta, sai tokar icce, fara mai nauyi. Ke kika ce in riƙa yayyafa ruwa kafin in zuba, "don toka sai ƙasa mai laima." Matan unguwa suka gani suka kama, kowace tana aiko da tata a kwano, har da gasar wace ce tata ta fi fari. Amma al'ada ɗaya ba ta taɓa canzawa ba. Ɗigon tsakiyar fili, inda ake ajiye ƙwallo a fara wasa, da tokar murhunki ake yin sa, kuma ita kike zubawa daban a cikin wani gwangwanin madara mai murfi.

Ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba. Har furfura ta fara fito mini ina "wannan yaron" a bakinki. Bayan na yi aure sai kika samo mini wani sunan. Sai ki ce wa Rabi, "Ki gaya wa mai layi kayansa na bayan ƙofa." Ina jin ki daga ɗaki, ina dariya a ciki.

In za a faɗi gaskiya, Gawo ba wata babbar ƙungiya ba ce a takarda. Kofi ɗaya muka taɓa ci, shi ma hannunsa ɗaya ya karye, yana can a rumfar Malam Iro mai faci, shugaban magoya baya, yana zuba ƙananan ƙusoshi a ciki. Amma a bakin mutane babba ce. Ranar wasa sai ki ga babura daga Roni da Gwiwa da Yankwashi, mutum uku-uku a kai, duk sun sa kore. Na taɓa zuwa kasuwar Babura sayen rago, wani dillali daga Nijar da ke lissafi da sefa ya ji ni daga Kazaure nake, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya Gawo bana?" Ya rage mini a kan ragon ma, don mun taɓa cin wata ƙungiyar da ya tsana.

Shekara guda bayan rasuwarki abubuwa suka taɓarɓare. Kwamitin dattawan da ke riƙe da ƙungiya suka gaji, mota ma ta kai 'yan wasa waje ta gagara. Sai ga wasu 'yan'uwa biyu, fataken riɗi da zoɓo da ke zaune a Kano, suka karɓe ta. Mu a nan Alhaji Babba da Alhaji Ƙarami muke ce musu. Ba zan zalunce su ba, Inna, kin hana ni. Sun sayo takalma, sun samo mota, da wani ɗan wasanmu ya karye su suka kai shi asibiti. Amma ba su taɓa tambayar kowa komai ba. Suka kewaye fili da kwano, suka bar gawon a waje kamar baƙo. Suka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Suka sallami kocin da ya raini yaran. Korayen rigunanmu suka mayar da su ruwan ɗorawa, launin buhunan hajarsu, da sunan kamfaninsu ɓaro-ɓaro a ƙirji.

Duk wannan na shanye. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne ranar da na turo barona da buhun toka kamar kullum, na tarar da wani mutum daga Kano yana tura wata 'yar na'ura mai taya tana zubar da fenti. Alhaji Babba ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce a gaban jama'a, "Toka ta murhu ce. Wannan ƙungiya ta wuce ƙauyanci." Ya sa aka cilla buhun ta kan katanga, ya fashe a gindin gawo. Tokar Rabi ce a ciki, amma ni ke na gani. Nan take na ce, wallahi tallahi ba zan ƙara taka filin nan ba muddin su ne ke riƙe da shi. Malam Iro ya ce shi ma haka, kodayake shi mai wayo ne, bai haɗa da sunan Allah ba.

Kin san dutsen nan da ke bayan fili, wanda kike hana mu hawa muna yara? Can muka koma. Kakar wasa biyu cur muna kallon ƙungiyarmu daga kan dutse, da tsofaffin korayen riguna da nake yi wa faci kyauta har facin ya fi rigar yawa. Malam Iro da gangarsa a can sama, mai rake da mai gyaɗa duk suka biyo mu. Ragar gabas gawo ya kare mana ita, sai mu jira mu ga wa ya ɗora hannu a ka kafin mu san ko an ci. In 'yan wasanmu suka fito mu yi musu kirari, in motar Alhazai ta iso mu juya mata baya. Cikin fili kuwa kujerun roba ne jere, babu kowa sai awakin da suka samu kafa a ƙarƙashin kwano.

Mun ji daɗin kanmu a kan dutsen nan, ba zan ɓoye miki ba. Muna ganin mun nuna musu. Amma yaran da ke cikin fili su suka sha wuya. Mutum ya ci ƙwallo ya juyo neman wanda zai rungume shi, sai ya hango mu can nesa muna ɗaga hannu. Suka yi ta shan kashi har muka koma ƙasan teburin gasa. Da kina nan na san abin da za ki ce, cewa mun huce haushin kaza a kan dami.

Sai Alhazai suka aiko da sanarwa cewa in ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa bana, za su sayar da gurbinta ga wani mai kuɗi a wani gari, a canza suna, a kwashe komai. Wato babu sauran Gawo. Wasa ɗaya ya rage, da wata ƙungiya daga Babura, a filinmu. Ko canjaras muka yi mun tsira.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Duk tsawon lokacin nan Rabi ba ta daina tankaɗe toka ranar Juma'a ba. Na yi faɗa, na yi ba'a, na ce wa take tara wa? Ta ce ita dai haka ta tarar ana yi a gidan nan. Wasu ta ba maƙwabta su adana wake, wasu ta aika lambu, sauran ta jera a ɗakinki. Gwangwanin madararki kuwa, wanda kika cika Juma'ar ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da ke, ni na ɓoye shi a kan katakon da ke saman gadonki. Ban taɓa buɗe shi ba, ban kuma bari kowa ya taɓa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fentin da aka zuba tun Juma'a, a kan rairayi, ya bi ruwa ya tafi gaba ɗaya. Mai na'urar yana Kano, ya ce hanya ta cika, ba zai iso ba. Alƙalin wasa ya zagaya fili ya ce shi ba ya busa usur a filin da babu layi. In la'asar ta yi ba a ja ba, zai ba Babura maki, kowa ya kama gabansa.

Ina shago sai ga Alhaji Ƙarami da kansa, takalmi duk taɓo, gindin shaddarsa ya jiƙe. Ya yi sallama ya ce, "Malam Habu." Ban san ya san sunana ba sai ranar. Inna, ki yafe mini, na bar shi a tsaye ina ɗinka maɓallin da ba ya bukatar ɗinki. Da ya gama bayani na ce masa toka ta murhu ce, kuma ni na yi rantsuwa. Bai yi musu ba. Ya ce gaskiyata ce, ya juya ya tafi. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, sai na kasa ci gaba da ɗinkin.

Na rufe shago na nufi gida. A zaure na tarar da buhu huɗu a jere, Rabi ta jawo su ita kaɗai, tana haki, fuskarta duk toka. Labari ya riga ni isa. Ban buɗe baki ba ta ce, "Shekara nawa na zauna da Inna, ban taɓa jin ta tambayi wa ke shugabancin ƙungiya ba kafin ta ɗauki rariya." Na ce to rantsuwar fa? Ta ce wannan kuma liman yana masallaci.

Bayan sallar azahar na tare liman na gaya masa. Ashe shi ma ɗan Gawo ne a ɓoye, ta tagar ɗakin karatunsa yake leƙen fili. Ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma. Na fara tambayar ko shinkafa ko tuwo, ya ce, "Malam Habu, wannan mu yi ta gobe. Rana tana tafiya."

Na dawo gida, kafin in fita da baro na shiga ɗakinki, na miƙa hannu na sauko da gwangwanin, na sa a aljihu.

Tura baro daga gida zuwa ƙofar fili bai taɓa yi mini nisa irin na ranar ba. Jama'a sun riga sun cika dutse, suna jiran su ga yadda za ta ƙare. Ina sa ƙafa a ciki gangar Malam Iro ta tsaya. Ban ɗaga kai ba. Na fi tsoron bakinsa a kan komai, don mutumin nan in ya sa maka suna har jikokinka sai sun amsa shi.

Jan layi aikin mutum biyu ne, kin sani, ɗaya ya riƙe igiya a wancan turke, ɗaya ya bi da toka. Na kafa turke na tsaya da igiya a hannu, babu mai kama mini. Sai Alhaji Ƙarami ya naɗe hannun riga ya kama. Allah ya ba shi lada, amma mutumin bai taɓa riƙe igiya ba a rayuwarsa. Ya sake ta ta yi ciki, layin farko ya fito a karkace kamar hanyar shanu. Sai na ji ƙasa na rugugi. Malam Iro ne ya gangaro daga dutse da tumbinsa, ya wuce mai tsaron ƙofa ko kallonsa bai yi ba, ya fizge igiyar daga hannun Alhaji ya ce, "Ba don ku na shigo ba. Layin ne ya karkace, idona ba zai iya ba."

Shi ke nan, dutse ya zubo. Wasu suka kama igiya, wasu suka share ruwan da ya kwanta a gaban raga da tsintsiyar kwakwa da faranti. Buhu huɗu ba su isa ba, ashe Rabi ta riga ta bi gida-gida. 'Yan acaɓa suka yi ta jigilar kwanuka da robobi daga unguwa, kowace da saƙon mai ita, wai a gaya wa Habu tata ta icce ce zalla. Ƙasa kuwa ga laima yadda kike so, tokar tana sauka tana kamawa. Mai karɓar kuɗi ya rasa yadda zai yi, ya koma gefe ya riƙe mana buta. Malam Iro ya yanke hukunci cewa mu ba kallo muka shigo ba, aiki muka shigo, kuma wanda ya yi aiki ba a korarsa sai ya huta. Hutun namu kuwa minti casa'in ne.

Ana kiran la'asar muka gama, saura ɗigon tsakiya. Ba wanda ya zuba masa komai, ko sababbin yaran da ba su san ki ba an hana su. Malam Iro ya dube ni ya ce, "Na tsakiya fa?" Na durƙusa na ciro gwangwanin. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa mabuɗin shago. Da ya buɗe, Inna, sai ga sawun yatsunki huɗu a saman tokar, inda kika danna ta don murfi ya rufu. Shekara uku suna nan yadda kika bar su.

Na yi kuka a tsakiyar fili, gaban mutanen Babura da kowa. Mazan da ke kewaye da ni duk suka ɗaga kai sama, wai suna duba ko hadari zai dawo. Na yi bismillah na juye ta duka, na daidaita da tafin hannuna.

Wasan kansa kada ki tambaya, ban taɓa ganin mummuna irinsa ba. Taɓo, zamewa, ƙwallo ta yi nauyi ta ƙi tafiya. Babura suka buga ta daki ƙarfe sau biyu. Golanmu, wani dogon yaro ɗan Gwiwa, ya tare wata da fuskarsa, ya tashi yana murmushi da jini a leɓe, don wannan karon da ya juyo mutane ya gani a bayan ragarsa, ba awaki ba. Aka tashi babu ci. Ihun da muka yi, da kina tsakar gida da man shanun gidan ya ƙare a miya.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Alhazai suna nan, kwano yana nan, riguna har yanzu ruwan ɗorawa ne. Alhaji Babba ma na ji yana gaya wa mutane cewa tsarinsa ne ya ceci ƙungiya. Ban ƙaunace su ba, ba na kuma jin zan ƙaunace su nan kusa. Amma ƙaramin ya aiko cewa an sallami mai fenti, in ina so in ci gaba. Na ce zan yi shawara, alhali har na sayi sabuwar igiya. Mun zauna a rumfar Malam Iro mun yanke cewa kaka mai zuwa ciki za mu shiga, da korayen rigunanmu, mu yi wa yara kirari, mu ci gaba da yi wa masu ƙungiya ƙorafi a kusa, inda za su ji da kyau. Su riƙo aka ba su. Kafin su wasu sun riƙe, bayansu wasu za su riƙe.

Kaffara kuma na yi ta ranar Litinin. Rabi ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji, aka kai wa mutum goma da liman ya zaɓo. Malam Iro ya zo da kwanonsa wai shi ne babban mabukaci a Kazaure, liman ya ce ba ya cikin lissafi. Duk da haka sai da ya ci kwano biyu.

Yau Juma'a. Ina rubuta wannan a zaure, ina jin ƙarar rariya daga tsakar gida. Gwangwanin na ba Rabi ɗazu, ban wanke shi ba, na ce ta zuba a kan abin da ya maƙale a ciki. Na daɗe ina tsoron ranar da tokarki za ta ƙare, ina ganin ranar ce za ki tafi gaba ɗaya. Ga shi ta ƙare, kuma zuciyata wasai take. Ina yaro na sha jin haushin cewa kina kiran sunan kowa ban da nawa, kina yabon kowa ban da ni. Sai da na ga yatsun nan na gane cewa kowace Juma'a kina yi mini magana, ni ne ban iya ji ba. Na ji yanzu, Inna. Na gode.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da haske. Yadda kika tsince gawayi daga toka don layina ya fito fari, Allah ya tsince kurakuranki ya bar miki alheri zalla. Ya haɗa ki da iyayenki da Baba a Aljanna Firdausi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen, ya sada mu da ku cikin rahama. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,

Mai layi.